Ƙaddara da Aure a Littattafan Soyayyar Baikin

A cikin littattafan hira da a ke bugawa a Amurka da Ingila akwai wani reshe wanda ya daɗe yana samun kasuwa, watau labarun soyayya na manya waɗanda a ke ɗorawa a kan zamanin mutanen nan na arewacin Turai da Turawa ke kira Viking. A cikin wannan takarda za mu riƙa rubuta sunan Baikin, don haka ya fi sauƙi a bakin Bahaushe. Galibin masu rubuta littattafan mata ne, galibin masu karanta su ma mata ne, an kuwa ce na manya ne domin suna bayyana abin da ke gudana tsakanin namiji da mace a ɗaki ba tare da sakayawa ba. Malamai ba su cika kula da su ba, suna ganin abin hira ne kawai. Amma abin da dubban mutane ke karantawa ba ya rasa abin dubawa, nufina kuwa a nan in dubi abu guda: abin da ke faruwa sa'ad da mawallafi ya ɗauko gumaka da jarumai na wata al'umma wadda manyan hikayoyinta na so da jini su ke ƙarewa, ya zuba su a cikin wani tsarin labari wanda tilas ne ya ƙare da aure.

Ya kamata mu fara sanin ko su wane ne mutanen. Asalinsu daga ƙasashen Norwe da Danmak da Suwidin ne, masu tarihi kuwa sun saba ƙirga zamaninsu daga shekara ta 793, da suka faɗa wa gidan ibada na tsibirin Lindisfan a gaɓar Ingila, zuwa 1066, da aka kashe sarkin Norwe Haral Hardrada a gadar Sitamfod. A cikin harshensu na da, wanda za mu kira Nosanci, kalmar víkingr ba sunan kabila ba ce. Sunan sana'a ne, watau mutumin da ya shiga jirgin ruwa ya tafi hari, mafi yawan mutanen ƙasar kuwa manoma ne da makiyaya da masunta, ba su taɓa zuwa hari ba. Saboda haka in aka fassara sunan littattafan nan bisa ainihin ma'ana, soyayyar maharan teku ke nan. Larabawan Andalus, waɗanda suka sha hannunsu a birnin Ishbiliya a 844, Majusu su ke ce musu, kalmar nan da masana da yawa ke ganin ita ce tushen Maguzawa a Hausa.

Abin da a ka sani game da gumakansu ba daga bakin masu bautarsu ya zo ba. Tsibirin Aisilan, wanda mutanen Norwe suka fara zaunawa wajen 870, ya karɓi addinin Kirista a 999 ko 1000, sai bayan shekara fiye da 200 Sinori Situluson ya tsara littafinsa na Edda, wajen 1220, don ya koya wa matasan mawaƙa tsofaffin labarun da ba a iya fahimtar waƙar da sai da su. Kundin tsofaffin waƙoƙin gumaka da jarumai kuma an rubuta shi wajen 1270. Hikayoyin gidaje da zuriya, waɗanda su ke kira saga, su ma galibinsu na ƙarni na 13 ne. Ashe ke nan tun farko Kirista ne ke ba da labarin kakansa Bamaguje, bai kamata kuwa mu yi wa mawallafan yau tsanani ba kamar sun ɓata wani abu tsantsa wanda ba a taɓa sa masa hannu ba. Kowane zamani ya yi nasa Baikin. Hular nan mai ƙaho ma da a ke zana musu, mai tsara tufafin wasannin Wagner ne ya yaɗa ta a 1876, ba a taɓa tono irinta daga kabarin wani mayaƙi na zamanin ba.

To, shi littafin soyayya na Turawa yana da ƙa'ida wadda ba a ƙetarewa. Ƙungiyar marubutansa ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta taƙaita ta a sharuɗɗa biyu: so ya zama shi ne ginshiƙin labari, ƙarshen kuma ya zama mai daɗi. Pamela Regis, a cikin nazarinta na 2003, ta rarraba tsarin kashi takwas, daga haɗuwar masoya da shingen da ke tsakaninsu, zuwa lokacin da a ke ganin kamar kome ya lalace, zuwa alkawarin aure. Mai sayen littafin ya san ƙarshensa tun bai buɗe ba, abin da ya biya kuɗi don ya gani shi ne hanyar da za a bi. Wannan ba aibu ba ne. Mai sauraren tatsuniya ma ya san Gizo zai yi wayo.

Sai mu juya mu dubi yadda so ya ke a cikin labarun gumakan Nos. Wata rana gunkin albarkar gona, Firai, ya hau kujerar Odin wadda a ke hangen duniya duka daga kanta, ya hango wata budurwa 'yar ƙatti, Gerda, ciwon so ya kama shi har ya bar magana. Ya aiki baransa Sikirni ya nemo masa ita, ya ba shi doki, ya kuma ba shi takobinsa mai yaƙi da kansa. Baran ya yi mata tayin tuffa 11 na zinariya, ta ƙi. Ya yi mata tayin zoben Odin, ta ƙi. Ya ce zai sare mata kai, ba ta girgiza ba. Sai da ya ɗauko sandar tsafi ya yi ta jera mata la'ana, cewa za ta ƙare rayuwarta a wulakance, babu miji sai mummunan dodo, sa'an nan ta yarda za ta sadu da Firai bayan kwana tara. Ga so, ga tilas, ga biyan bukata, duk abin da mai rubuta littafin soyayya ke nema. Amma labarin bai tsaya nan ba, gama Sinori ya ce ranar Ragnarok, watau ranar halakar gumaka, Firai zai gamu da Surtu mai wuta ba shi da takobi, a nan kuwa ajalinsa ya ke. Takobin da ya bayar don mace shi ne ransa.

Haka sauran su ke. Sikadi, 'yar duwatsu, an ce ta zaɓi miji a cikin gumaka ta duban ƙafafunsu kaɗai, ta zaɓi mafi kyawun ƙafa tana tsammani Balda ne, ashe Niyod ne na bakin teku. Shi ya kasa jure kukan kyarketai a dutse, ita ta kasa barci don kukan tsuntsayen teku, aure ya mutu. Fireya, wadda ita ce gunkin so, mijinta Od ya yi tafiya mai nisa, tana kukansa da hawaye na jan zinariya. Nanna zuciyarta ta fashe a wurin ƙona gawar mijinta Balda, aka ɗora ta a kan wuta guda da shi. A cikin hikayar Bolsunga, Sigud ya yi wa Birinhil rantsuwa, aka ba shi abin sha na mantuwa ya auri Gudurun, ya kuma sāke kama ya ƙetare wuta ya samo wa surukinsa Gunnar ita Birinhil ɗin. Da asiri ya tonu a wurin wanka a kogi, ita ce ta zuga aka kashe shi, sa'an nan ta soke kanta, ta ce a ƙone su tare. Iyakar haɗuwar da hikayar ta ba su ke nan.

Dalilin haka yana cikin abin da su ke kira örlög, watau ƙaddarar da wasu mata, Norn, ke yanke wa kowane mai rai ranar haihuwarsa. Gumakan ma ba su kuɓuta ba, sun san ranarsu, sun san wanda zai kashe kowannensu. A wurin mutanen nan darajar jarumi tana ga yadda ya tari abin da ba ya iya kaucewa. Masu hikaya kuwa sun mai da wannan dabarar saƙa labari: su kan faɗi ƙarshe tun da fari ta hanyar mafarki ko duba, sa'an nan mai sauraro ya zuba ido yana kallon mutane suna tafiya da ƙafarsu zuwa wurin. A nan ne, a ganina, hikayar Nos da littafin soyayya suka yi kama da juna ƙwarai, suka kuma yi hannun riga. Dukansu biyu an san ƙarshensu tun farko. Ɗaya an san kabari ne, ɗaya an san ɗakin amarya ne. Abin da mawallafin yau ya yi shi ne ya riƙe kalmar ƙaddara, da duba, da mafarki, da sunayen Norn, ya juyar da aikinsu. Ƙaddarar da ke raba masoya a da ta koma mai dalilin aure, ita ce ke cewa wane na wance ne tun fil azal.

Kada a ce duk tsofaffin hikayoyi haka su ke. Akwai ta Firitiyof, wadda aka rubuta wajen 1300, inda jarumin ya sami Ingibog a ƙarshe bayan mutuwar tsohon sarkin da aka aurar masa da ita. Ba banza ba kuwa ita ce mawaƙin Suwidin Esaias Tegnér ya ɗauka ya mai da ita doguwar waƙa a 1825, aka yi ta fassara ta cikin harsunan Turai. Daga nan ne Baikin mai tattausar zuciya ya shigo adabin Turai. Amma hikayar Firitiyof ta ƙarshen zamani ce, an yi ta bayan labarun barade na Faransa sun isa arewa, ba ta kuwa cikin waɗanda mutanen Aisilan ke tinƙaho da su.

Wadda su ke tinƙaho da ita a fagen so ita ce ta mutanen kwarin Laksa, watau Laksdala, ta tsakiyar ƙarni na 13, ina kuwa so in daɗe a kanta domin ta ƙunshi abu biyu da littattafan yau suka fi ara. Na farko mace mai ƙarfin hali. Gudurun 'yar Osbif ta yi mafarki huɗu tana budurwa, wani dattijo ya fassara mata su da aure huɗu. Mijinta na fari ya mare ta, ta ɗinka masa riga mai faɗin wuya irin ta mata, wanda a dokarsu dalili ne na rabuwa, ta rabu da shi. Na biyu ya nutse a teku. Sa'an nan ta so Kiyatan, ya tashi tafiya Norwe, ta ce ya tafi da ita, ya ƙi, ya ce ta jira shi shekara uku, ita ma ta ƙi yin alkawari. Ɗan'uwansa kuma amininsa Bolli ya riga shi komowa, ya ba ta labarin yadda Kiyatan ke shiri da ƙanwar sarki, ya aure ta. Ƙarshen abin, ita ta zuga Bolli da 'yan'uwanta suka tare Kiyatan a hanya, shi kuwa da ya ga Bolli ya zare takobi sai ya jefar da nasa, ya mutu a kan cinyar wanda ya kashe shi. Gudurun ta tsufa, ta makance, ta zama mai zaman ibada. Da ɗanta ya matsa mata da tambayar wane ta fi so a cikin maza, sai ta lissafa masa halayen mazanta, ya ce ba ta amsa ba, sa'an nan ta ba shi amsa da jimla guda wadda babu suna a cikinta. Har yau masu karatu na gardama a kanta.

Abu na biyu shi ne baiwa 'yar sarki. Kakan Kiyatan, Hoskul, ya sayi wata baiwa a kasuwa a hannun wani fatake mai suna Gilli, ya biya ma'auni uku na azurfa alhali kuwa ma'auni guda a ke sayen baiwa, ko da ya ke an gaya masa bebiya ce. Ya kwana da ita a daren nan, ya kai ta Aisilan gidan matarsa ta aure, ta haifa masa ɗa. Sai wata safiya ya ji murya a bakin rafi, ya tarar ita ce ke yi wa yaron magana. Nan ta faɗa masa sunanta Melkorka, ubanta sarki ne a ƙasar Ayalan, an kamo ta tana da shekara 15. Mai karatu ya lura da abin da hikayar ta yi da abin da ba ta yi ba. Ta ba ta darajar asali, don zuriyar da ta fito daga gare ta manya ne, ba sa so a ce jikokin baiwa ne kurum. Amma ko sau ɗaya ba ta ce Melkorka ta so Hoskul ba. Shirun nan nata shi ne abin da ya rage mata na mallakar kanta. Daga baya ta auri wani manomi mai dukiya wanda ba ta damu da shi ba, don kawai ta sami guzurin da za ta tura ɗanta Ayalan ya ga danginta. Ita kuwa ba ta sāke ganin ƙasarta ba.

Yanzu sai mu ɗora wannan kusa da littafin Johanna Lindsey mai suna Fires of Winter, na 1980, wanda ya fito a cikin guguwar da littafin Kathleen Woodiwiss na 1972 ya tayar, ya kuma zama abin koyi ga da yawa a bayansa. Brenna 'yar wani mai sarauta ce a gaɓar Birtaniya, an rene ta kamar namiji, ta iya takobi. Maharan Baikin suka zo da yaudarar neman aure, suka karkashe mutanenta, suka kwashe mata, aka ba da ita baiwa ga Garrick, ɗan shugaban maharan, wanda wata mace ta taɓa yaudararsa har ya tsani mata. Ta ƙi yi masa bauta, ya tilasta mata, suka yi ta faɗa da gudu da kamowa, har a ƙarshe ya gane yana sonta, ya aure ta. A littafi na biyu, Hearts Aflame na 1987, mawallafiyar ta juya abin, 'yarsu Kristen ce aka kama a Ingila zamanin sarki Alfred, aka sa mata mari. Heather Graham da Catherine Coulter sun yi irin nasu a cikin shekarun nan, wani da kamu, wani da auren dole na sulhu tsakanin sarakuna.

Melkorka ce dai aka ɗauko, aka ba ta baki, aka sa ta faɗi abin da hikayar da ta ƙi sa mata a baki. Zargin da na ke yi wa wannan zubi ba na rashin kunya ba ne, wannan wasu sun yi shi. Zargina shi ne yana sa mai karatu ya ji tausayin baiwa guda domin ita ba ta cancanci bauta ba, 'yar manya ce, kyakkyawa ce, alhali sauran bayin suna nan a gefen labari suna niƙa suna ɗebo ruwa, ba mai tambayarsu. Adadinsu kuwa ba kaɗan ba ne. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi a Aisilan a 2000 da 2001 ya nuna wajen kashi 60 cikin 100 na matan da suka kafa al'ummar daga tsibiran Birtaniya da Ayalan asalinsu ya ke, alhali mazan mafi yawansu daga Norwe da maƙwabtanta. Wasunsu matan aure ne na Nosawan da suka zauna a tsibiran Sikotilan, wasu kuwa kamammu ne. Ahmad bin Fadlan, wakilin Halifa Muƙtadir na Bagadaza, wanda ya gamu da fataken Rus a bakin kogin Bolga a 922, ya ga abin da ke samun kuyangar shugaba ranar jana'izarsa: aka shayar da ita, wata tsohuwa ta kashe ta, aka ƙone ta a cikin jirgi tare da ubangijinta. Malamin da ya koyar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san akwai wata hanya ta ba da labarin bauta, inda a ke bin uwar da aka raba da ɗanta har ta ƙare a can ƙetaren hamada.

Harshen kansa ya riƙe shaidar abin. A Nosanci kalmar man tana nufin bawa ko baiwa, tana kuma nufin budurwa, musamman a waƙa. Daga gare ta aka sami mansal, cinikin bayi, daga gare ta kuma aka sami mansöngr, waƙar so. Bikin aure kuwa brúðkaup ne, wanda in aka warware shi sayen amarya ya ke nufi. Kada a yi saurin yanke hukunci da asalin kalma, gama kalma ta kan bar ma'anarta ta fari a baya, Bahaushen da ya rubuta baiwa ma sai an ji karin sautinsa a san kuyanga ya ke nufi ko kyauta. Amma dokar Aisilan ta da, Giragas, ta ƙara mana haske. Aure a cikinta yarjejeniya ce tsakanin mai nema da waliyyin mace, da shaidu, da dukiyar da a ke biya wadda in babu ita ɗan da aka haifa ba ya gado. Wanda kuwa ya yi wa mace waƙar so, hukuncinsa kora ce daga cikin jama'a, kowa ya gan shi ya kashe babu diyya, domin a ganinsu waƙar tana ɓata sunan mace da na danginta. Mawaƙan da hikayoyi suka ba da labarin sonsu, irin su Kormak da Gunlaug, ba wanda ya auri wadda ya yi wa waƙa. Jarumin littafin yau da ke durƙusawa yana zuba wa budurwa kalmomin so a gaban jama'a, a Aisilan ta da 'yan'uwanta ne za su bi shi da gatari.

Duk da haka akwai hujja a gefen mawallafan, ba kuwa ƙarama ba. Ba su ƙagi mace mai 'yanci daga iska ba. Ibrahim al-Turtushi, wanda ya zo daga Andalus ya ziyarci kasuwar Hedebi wajen 965, ya yi mamakin yadda mace a can ke iya rabuwa da miji in ta ga dama. Kabarin jirgi mafi ƙawa da aka tono a Norwe, na Osebeg, wanda aka rufe a 834, mata biyu ne a ciki. Kabarin nan na Birka a Suwidin, da aka tono a 1878 cike da makamai da dawaki biyu, aka daɗe ana cewa na babban mayaƙi ne, binciken 2017 ya nuna mace ce, ko da ya ke kabari guda ba ya zama runduna. Janice Radway kuma, da ta zauna da mata masu karanta littattafan soyayya a wani gari na Amurka ta wallafa sakamakon a 1984, ta nuna abin da ke jawo su shi ne ganin namiji mai taurin kai ya rusuna, ya koyi kula da mace. Baikin kuwa shi ne mafi taurin kai da Bature ya sani a tarihinsa, rusunawarsa ta fi daɗin kallo. Wanda ya san littattafan soyayya na Kano tun daga shekarun 1980 ba zai yi mamakin wannan ba, ya san yadda mata kan mai da labarin so wurin tuhumar auren dole.

Littattafan kwanan nan sun bar zubin kamu, sun matsa wajen gumaka da tsafi, musamman bayan wasan talabijin na Vikings da aka nuna daga 2013 zuwa 2020 ya sa budurwa mai garkuwa ta shiga idon jama'a. Misali mai kyau shi ne A Fate Inked in Blood na Danielle Jensen, na 2024. Freya matar wani azzalumin masunci ce, tana ɓoye cewa akwai ɗigon jinin gunki Hilin a jikinta, wanda ke sa garkuwarta ta tare kowane sara. Akwai duba da ya ce wanda ya mallaki ƙaddararta shi zai haɗa ƙasar ya zama sarki, saboda haka wani basarake ya aure ta da ƙarfi, ya sa ɗansa Bjorn ya tsare ta, so kuwa ya shiga tsakaninta da ɗan. Mawallafiyar ta yi karatu, gama Hilin tana cikin Edda, Sinori ya ce aikinta tsare waɗanda Firig ke so a tsare. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wata ƙa'ida da ta ƙaga: masu jinin gumaka a littafin su ne waɗanda Norn ba su ɗaure ba, suna iya sāke abin da aka yanke. Wannan ita ce maganar da na ke yi, an faɗe ta a fili. Ta gane tsarin soyayya ba ya rayuwa a ƙarƙashin örlög, sai ta yi wa jarumarta ƙofar fita. A tsohon labari kusanci da gumaka ba ya kuɓutar da kowa, Sigud jinin Odin ne, Odin kansa kuwa kyarkeci ne zai haɗiye shi. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ban ce littafin ba shi da daɗi ba, yana da gudu, faɗan cikinsa yana da rai, sai dai tsoron nan da ke kama mai karanta Bolsunga, na sanin babu makawa, ba ya ciki, ba kuwa zai yiwu ya kasance ba.

Akwai kuma hasara ta wajen salo, wadda malaman da ke koyar da rubutu ya kamata su nuna wa ɗalibansu. Mai hikayar Aisilan ba ya shiga zuciyar mutum. In ya ce wane ya riƙa zuwa gidan su wance suna zama suna zance, mai sauraro ya san an kusa zub da jini. A hikayar Gisli, wata mata ta roƙi matar ƙanen mijinta ta yanka mata rigar mijin, ita kuwa ta mayar mata da cewa da rigar wani ce, ta kira sunansa, da ba ta nemi taimako ba. Mijin yana bayan bango yana ji, daga wannan 'yar magana ta ɗinki kuwa kashe-kashen hikayar duka suka taso. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan, ya san matar da ba ta faɗin sunan mijinta. Littafin yau kuwa shafi bayan shafi ya ke yi yana bayyana bugun zuciya da zafin jiki, har mai karatu ba shi da sauran aikin yi.

Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka yarda su biya kuɗin abin da suka ara. Sigrid Undset ta Norwe, wadda ta sami kyautar Nobel a 1928, ta rubuta labarin Bigdis 'yar Gunnar tun 1909. Saurayi ya so budurwa, ita ma ta so shi, ya yi mata fyaɗe, ta haifi ɗa, ta rene shi, a ƙarshe ɗan ne ya kawo mata kan ubansa. Mafarinsa da na Lindsey kusan ɗaya ne, sai dai Undset ba ta yarda so ya wanke laifin ba, ba ta kuma ce laifin ya kashe son ba. A zamaninmu Genevieve Gornichec ta bi wata hanya a cikin The Witch's Heart na 2021. Ta ɗauki Angurboda, wadda tsofaffin littattafai ba su faɗi kome a kanta ba sai cewa ita ce ta haifa wa Loki kyarkeci Fenri da macijin da ya kewaye duniya da Hel sarauniyar matattu. Tun da ya ke wurin fili ne, mawallafiyar ta yi gini ba ta rushe na kowa ba. Ta haɗa ta da matsafiyar nan da gumaka suka ƙona sau uku, ta sa Loki ya kawo mata zuciyarta da aka cire, suka zauna a kogo a bakin daji, ya riƙa zuwa yana tafiya, ya auri Sigin a can wurin gumaka, ya kuma ci amanarta ranar da aka zo kwashe 'ya'yanta. Angurboda mai duba ce, ta ga Ragnarok tun da nisa, ta san ɗanta ne zai haɗiye Odin a kuma kashe shi nan take, ta san macijin zai mutu tare da Tor. Ba ta sāke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ta iya shi ne ta ba da ranta ta kāre 'yarta daga wutar, masu rarraba littattafai kuwa ba a kantar soyayya su ke ajiye shi ba, a ta labarun almara su ke sa shi.